Yesu Ya Tsaya Ya Saurare Ta

Karatu: Markus 5:21-34
Ayar haddacewa: Markus 5:33

Idan ka taɓa fitowa daga asibiti da ledar magani a hannu amma zuciyarka tana gaya maka ba a saurare ka ba, karatunmu na yau naka ne. Ka yi sammako, ka yanki kati, ka zauna a benci har rana ta take. Da aka kira ka, ko minti uku ba ka yi a ciki ba. Kana cikin bayani mai duba ka ya riga ya fara rubutu, bai ɗaga kai ba, bai taɓa inda ka nuna ba. Ya ce maleriya da taifod ne, na gaba ya shigo. Ka shanye maganin, ciwo yana nan. Ka koma, aka ce ka cika raki, ko a ce tunani ne ya yi maka yawa.

Littafi Mai Tsarki ya san wannan baƙin ciki. Matar da muka karanta labarinta ta shekara 12 jini bai tsaya mata ba. Markus bai rufa wa masu magani asiri ba, ya nuna mana cewa ta zagaya wurinsu da dama, sun ƙarar mata da dukiya, ciwon kuma sai gaba yake yi. Luka da ya ba da labarin nan a sura 8 bai ambaci cewa ciwon ya ƙaru ba. To, Luka likita ne, wataƙila ya ji kunyar abokan sana'arsa. Ka ƙara da abin da Littafin Firistoci 15:25-27 ya tanada: mace mai irin wannan lalura ba ta da tsarki, shimfiɗarta da wurin zamanta ma haka. Shekara 12 mutane suna janye jiki idan ta matso.

Yanzu duba abin da Ubangiji ya yi. Yana kan hanyar gidan Yayirus, shugaban majami'a, babban mutum, wanda 'yarsa take bakin mutuwa. Idan akwai ranar da ya kamata a yi sauri, ranar ce. Matar ta ratsa taro ta taɓa rigarsa, nan take ta ji a jikinta ta warke. Da warkarwa kaɗai ce bukatarta, da Yesu ya yi gaba abinsa. Amma ya ja birki, ya waiwaya yana neman wanda ya taɓa shi. Almajiransa ma suka ga kamar ɓata lokaci yake yi, jama'a na ta matsa shi, wa zai gane hannu ɗaya? Bai kula su ba. Ya jira har ta fito tana makyarkyata, ta faɗi a gabansa, ta kwashe labarinta duka ta gaya masa. Labarin shekara 12 ba ya ƙarewa cikin minti uku. Yayirus yana tsaye hankalinsa a tashe, Yesu kuwa bai katse ta ba. Da ta gama ya kira ta ɗiyarsa, kuma ita kaɗai ce macen da Linjila ta nuna ya kira da wannan suna kai tsaye. Halleluya! Wannan shi ne Ubangijin da kake bauta wa. Ba ya duba agogo idan ka buɗe baki.

Sai dai kada ka ɗauki wannan karatu ka mai da shi sandar dukan likitoci. Allah yana warkarwa ta wurin ɗora hannu, yana kuma warkarwa ta hannun mai allura. Sa'ad da Sarki Hezekiya ya yi rashin lafiya, annabi Ishaya da ya kawo masa alkawarin ƙarin shekara 15, shi ne kuma ya ce a sa masa curin ɓaure a marurun. Mai duba ka ɗan Adam ne. Wataƙila kai ne na sittin da ya gani tun safe, wataƙila ya kwana a bakin aiki. Wannan bai ba shi izinin wulaƙanta ka ba, amma ya kamata ka sani. Cututtuka da yawa kuma da fuska ɗaya suke fara zuwa: zazzaɓi, ciwon kai, kasala. A shekarar 1969 wata nas ta mishan, Laura Wine, ta kwanta ciwo a garin Lassa da ke jihar Borno ta yanzu. Aka kawo ta Jos, a can ta rasu. Nas ɗin da ta yi jinyarta ita ma ta rasu, a 1970 kuma cutar ta ɗauke likita Jeanette Troup. Bayin Allah ne, masu ilimi, masu addu'a, amma da farko duniya ba ta ma san sunan abin da suke fama da shi ba. Har yau zazzaɓin Lassa yakan fara kamar maleriya.

Saboda haka, ɗan'uwa, bangaskiya ba ta ce ka yi shiru ba. Matar nan ba ta zauna a gida tana cewa haka Allah ya so ba, ta kutsa cikin taro. Kai ma ka kutsa. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a gwada jini kafin a ba da maganin maleriya, gwajin gaggawa kuwa ɗigon jini ne daga yatsa, cikin minti ashirin an ga sakamako. Ka roƙa a yi maka. Gwajin Widal da ake yawan dogara da shi a ce mutum yana da taifod tsohon gwaji ne, tun 1896, kuma yakan nuna alama a jinin wanda ba shi da cutar, musamman wanda ya taɓa yin ta a baya ko yake fama da wani zazzaɓin dabam. Shi ya sa za ka ga mutum ana yi masa maganin taifod sau huɗu a shekara, ainihin abin da ke cinsa yana ɓoye yana girma. Ka tambaya cikin ladabi: likita, mene ne sunan ciwon? Me gwajin ya nuna? In ban ji sauƙi ba, yaushe zan dawo? Ka rubuta ranar da ciwon ya fara da duk maganin da ka sha, har na kemis da na gargajiya, kada ka ɓoye ko ɗaya. Ka je da wani ɗan'uwa da zai yi magana idan ƙarfinka ya ƙare. Idan ka gama maganin maleriya na kwana uku zazzaɓi bai sauka ba, ka koma, in ba a saurare ka ba ka nufi babban asibiti. Neman likita na biyu ba rashin bangaskiya ba ne, ba kuma raini ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana a ƙi karɓar mai bukatar taimakon gaggawa, ta kuma ba ka haƙƙin a yi maka bayanin halin da lafiyarka take ciki.

Ke kuma 'yar'uwa, ke ce aka fi cewa kin cika ƙorafi. Idan kina da ciki kika ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da hannu, kada ki bari a sallame ki da farasitamol ba a auna jininki ba. Idan yaronki yana jijjiga, ko ya kasa shan nono, ko yana amayar da komai, ki ɗaga murya har a duba shi. Ke kika san ɗanki.

Akwai wata magana da ta shafe mu a cikin gida. Ba a asibiti kaɗai ake yi wa mutum gurguwar fahimta ba. Hannatu ta zo Shilo da nauyin zuciya, leɓunanta na motsi ba a jin murya, Eli firist ya dube ta daga kujerarsa ya yanke cewa ta sha ta bugu. Bawan Allah ne, a gidan Allah, ya kuma yi kuskure. Mu fa? Wani ya zo yana ramewa, yana yawan fitsari da ƙishi, kafin ya rufe baki mun ce jifa ne daga ƙauye, muka ɗora masa azumin kwana bakwai, alhali ciwon suga ne. Wata ta shekara tana tari, muka ce zunubin da ta ɓoye ne. Ruhu Mai Tsarki yana ba da baiwar rarrabewa, gaskiya ne, amma garaje ba baiwa ba ne. Abin yabo ga Eli shi ne da Hannatu ta yi masa bayani ya saurara, ya janye maganarsa, ya sa mata albarka. Idan mara lafiya ya zo wurinka, ka bar shi ya gama magana. Ka ɗora masa hannu cikin sunan Yesu, sannan ka tambaye shi ko an gwada jininsa, in ba shi da kuɗin mota ka ba shi.

In kuma akwai ɗaci a ranka saboda wanda ka rasa ta dalilin sakaci, ka kawo shi gaban Ubangiji yau, duka, yadda matar nan ta yi. Ka gafarta domin kada ɗacin ya cinye ka. Gafara ba ta hana ka kai ƙara wurin shugabannin asibitin ko Hukumar Likitoci ta Ƙasa, domin na bayanka ya tsira.

Addu'a: Ya Uba, na gode domin kana ji na har ƙarshen maganata. Kowane ciwo da ya ɓuya a jikina ko jikin iyalina, ka tone shi a fili, ka warkar da shi. Ka bi da ƙafafuna zuwa wurin mai duba ni da tsoronka. Ka ƙarfafa likitoci da nas-nas da ke cikin ikilisiyarmu da garinmu, ka ba su hutu, da ido mai gani, da kunne mai haƙuri. Ka tsare bakina daga yanke wa mara lafiya hukunci. Cikin sunan Yesu Almasihu na roƙa. Amin.