Tauraron Da Aka Samu Da Wanda Aka Rasa

Idan malami ya yi lissafi bisa ƙa'idar da ya gada, sa'an nan ya tarar abin da ido ya gani bai dace da lissafin ba, hanya biyu ce a gabansa. Ko dai ya ce akwai wani abu ɓoyayye da bai shiga lissafin ba, ko kuwa ya ce ƙa'idar ce kanta take da aibi. Ta farko ta fi daɗi ga rai, domin ba ta taɓa girman magabata, ba ta kuma mai da mai furfura ɗalibi. To, yaushe ne riƙo da ƙa'ida yake zama amana, yaushe kuma yake komawa taurin kai? Ilmin fiziks, watau binciken motsi da nauyi da haske, yana tsaye a kan wannan mararraba a yau, kuma ba wannan ne karo na farko ba.

A ƙarni na 19 masana falaki na Turai suka lura tauraron nan Yuranus yana kauce wa hanyar da lissafin Newton ya shata masa. Wani Bafaranshe mai suna Le Verrier ya ce ƙa'ida ba ta yi kuskure ba, lalle akwai wani tauraro can baya da yake fizgarsa. Ya zauna da alƙalami ya fitar da inda za a same shi. Ran 23 ga Satumba, 1846, aka juya madubin hangen nesa a Balin ta Jamus, sai ga tauraron, ƙasa da daraja ɗaya daga inda ya nuna. Shi ne Naftun.

Shekara 13 bayan haka mutumin nan ya sake cin karo da irin wannan matsala. Uɗaridu, wanda ya fi kowane tauraro kusa da rana, hanyarsa tana juyawa fiye da yadda lissafi ya ce. Rarar ƙarama ce ƙwarai. Idan aka kasa daraja ɗaya kashi 3,600, to kashi 43 ne kacal a cikin shekara ɗari, bisa awon da aka tabbatar daga baya. Le Verrier ya sake ɗauko maganin da ya yi masa aiki, ya ce akwai wani tauraro tsakanin Uɗaridu da rana. Aka raɗa masa suna Vulcan tun ba a gan shi ba. Wani likitan ƙauye a Faransa ya ce ya gan shi yana gilmawa ta fuskar rana, har hukuma ta ba shi lambar girma. A husufin rana na 1878 a Amurka ma an sami ƙwararru da suka ce sun hango shi. Alhali kuwa babu shi, bai kuma taɓa kasancewa ba. Sai a watan Nuwamba na 1915 Einstein ya nuna cewa ƙa'idar Newton ce take gazawa a kusa da abu mai tsananin nauyi kamar rana, sabon lissafinsa kuwa ya fitar da kashi 43 ɗin nan daidai.

Mutum ɗaya ne, dabara ɗaya, hankali ɗaya. Ya dace a karo na farko, ya faɗi a na biyu, kuma babu wata alama a lokacin da za ta gaya masa ya sauya hanya. Saboda haka ba adalci ba ne a kira shi wawa. Abin da za a zarga shi ne gaggawar idon da ya ga abin da zuciya take so.

Yau ga maganar ta dawo da girman da ya fi na da. A 1933 Fritz Zwicky ya auna gudun garkunan taurari a wani babban gungu, ya ga nauyin da ake gani bai isa ya riƙe su wuri ɗaya ba. A shekarun 1970 Vera Rubin da Kent Ford suka nuna taurarin da ke gefen garke suna kewayawa da gudu kusan daidai da na ciki, alhali lissafi ya ce su yi sanyi. Mafi yawan masana suka bi hanyar Naftun, suka ce akwai wani baƙin abu mai nauyi wanda ba ya ba da haske. A 1998 kuma aka gano faɗaɗar sararin samaniya ƙara sauri take yi, aka jingina wannan ga wani baƙin ƙarfi. Bisa ƙididdigar da aka fi yarda da ita, duk abin da aka sani, tun daga ƙwayar gero har taurari, bai wuce kashi 5 cikin ɗari ba. Baƙin abu kimanin kashi 27 ne, baƙin ƙarfi kimanin 68.

Masu baƙin abu suna da hujja mai ƙarfi, domin shaidu daban daban sun haɗu a kan adadi guda: gudun taurari, da lanƙwashewar haske, da tsohon hasken da ya rage tun farkon faɗaɗar sarari. Amma a 1983 Mordehai Milgrom ya ce ƙila Vulcan ne aka sake yi, ya gyara ƙa'idar jan nauyi. Gyaran nasa yana fitar da gudun taurari a garke ɗaya da kyau har abin ya ba da mamaki, sai dai yana gazawa a manyan gungu. Ba nan kaɗai ɓaraka take ba. Ƙa'idar Einstein da ƙa'idar kwantam, wadda take bayanin ƙwayar zarra, kowace ta ci jarrabawa a fagenta, amma sun ƙi zama inuwa ɗaya. Saurin faɗaɗar sarari ma, wata hanyar awo tana ba da kimanin 67, wata kimanin 73, da ma'auni guda.

Haɗarin da ke kan masani a nan shi ne suna. Suna yana da wani irin sihiri. Da zarar an ce baƙin ƙarfi sau ɗari, sai kunne ya saba, ɗalibi ya rubuta a jarrabawa ya ci, ya fita yana zaton an san abin. Alhali kalmar tamkar shaidar bashi ce da aka rubuta a bango, ba a biya ba tukuna. Masanan kirki suna faɗin haka a fili. Masu tallata ilmi ne sukan haɗiye shi.

Akwai kuma haɗari na biyu a kan mai sauraro, wanda yake jin masana sun ce ba su san kashi 95 ba, sai ya ce ashe duk shirme ne, shi ma ga tasa. Wannan mutumin yana ɗauke da waya a aljihu wadda take nuna masa hanya da taimakon taurarin ɗan Adam, waɗanda agogunansu suke wuce na ƙasa da kimanin kashi 38 cikin miliyan na sakan kowace rana, kamar yadda lissafin Einstein ya ce. In ba a gyara wannan ba, kuskuren taswira zai kai kusan kilomita 10 a rana. Ƙa'idar da take da ɓaraka a bakin iyaka ba ta zama ƙarya a tsakiyar gari ba.

Shakka tana da ladabi, kuma Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen 965 ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya nuna shi. Ya rubuta littafi sukutum a kan shakkunsa game da falakin Baɗalimusa. Bai yi haka ba sai da ya ƙware a lissafin mutumin. Bai ce duka ƙarya ne ba, ya ɗora yatsa a kan wurin ciwo: Baɗalimusa ya sa tauraro yana daidaita gudunsa da wani ɗigo na zato wanda ba shi ne tsakiyar da'irarsa ba, jiki na haƙiƙa kuwa ba ya motsi haka. Sanin wurin bugu shi ne ƙira. Bai kawo cikakken magani ba, bai kuma yi da'awar ya kawo ba. Bayan shekara 300 da wani abu Ibnush Shaɗir, mai tsai da lokutan salla a babban masallacin Dimashƙa, ya tsara falakin da ya rabu da wannan ɗigo.

Masu neman baƙin abu dai ba su tsaya ga suna ba. A jihar Dakota ta Kudu a Amurka, cikin wata tsohuwar mahaƙar zinariya, a zurfin kusan kilomita ɗaya da rabi, sun ajiye tan 10 na ruwan sinadarin zinon, suna jiran ƙwayar baƙin abu ta bugi ɗaya daga cikin zarrarsa ta yi ƙyalli. A watan Agusta na 2024 suka fitar da sakamakon kwana 280 na tsaro. Suka shaida wa duniya ba su ga abin da suke nema ba, suka rubuta iyakar inda suka duba, suka koma ramin.