Wane Ɗa Muke Kaiwa Gareji?

A kusan kowane gida na zangon nan namu na Agege an san yadda rabon yake. Yaron da yake cin jarrabawa a bar shi da littafinsa, wai likita zai zama ko lauya. Wanda ya faɗi sau biyu, ko aka fara ganinsa da 'yan zaman bakin titi, sai a kama hannunsa a kai wa bakanike ko mai walda, a ce, "Ga shi nan, boko ya ƙi shi." Ba wanda ya zauna ya tsara mana haka, amma haka muke yi. Mu ɗin nan kuma mu ne masu yabon sana'a a wurin suna da ɗaurin aure. To, in da gaske abar yabo ce, me ya sa sai ɗan da muka fid da rai da shi muke ba ta?

Yaro fa yana ji. Wanda aka kai gareji da wannan magana ya san horo aka yi masa, kuma da wuya mutum ya ƙware a abin da aka ɗora masa don ya gaza. Ɗan'uwansa da aka bari a aji shi ma ya ɗauki darasi: riƙe sifana aikin wanda ya faɗi ne. Sai ya gama sakandare, JAMB ta ƙi, ya shekara uku yana jira, hannunsa bai iya komai ba, kuma yana jin kunyar koyo. Mun cuci duka biyun, kowa ta hanyarsa.

Ga shi sana'ar ma ta sauya. Motar yanzu sai an jona mata kwamfuta kafin a san ciwonta. Mai haɗa sola sai ya iya lissafin batir da waya, in ba haka ba ya ƙona gidan mutane. Wato aikin nan mai kan karatu yake nema, shi kuwa mun hana shi. Ku leƙa manyan gine-ginen Legas, masu sa tayil da gyaran silin da yawansu daga Togo da Kwatano suke. Lokacin ginin matatar Ɗangote a Lekki har daga Indiya aka ɗauko ƙwararru. Namu samarin suna bakin ƙofa suna gadi, ko dako, ko acaɓa. Da gwamnatin jiha ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida a watan Yunin 2022, ai mun ga yadda gidaje suka shiga.

Akwai dattawanmu da ba su yarda da wannan kira ba, kuma maganarsu ba ta banza ba ce. Suna cewa masu yi mana wa'azin sana'a 'ya'yansu suna jami'a a Ingila, ɗan talaka ake so ya riƙe guduma. Suna tuna tsarin 6-3-3-4 na shekarun 1980, da aka ce kowane yaro zai koyi aikin hannu a ƙaramar sakandare, aka sayo injuna daga waje, da yawansu suka yi tsatsa cikin akwati don ba wuta ba malami. Sannan suna tambaya: don masana'anta tana neman hannu, sai a yanke wa ɗan shekara 14 makomarsa? Yaro ai ba kayan gyaran inji ba ne.

Mun yarda da su a nan: duk hanyar da za ta rufe wa yaro ƙofar karatu zalunci ce, ko da sunan taimako ta zo. Amma ba dole a rufe ba. Kwalejojin fasaha na jiha, irin na Agidingbi da Ikotun da Ikorodu, suna ɗaukar wanda ya gama aji uku na ƙaramar sakandare. Yana koyon wayarin ko walda ko gini, yana kuma yin Turanci da lissafi, ya rubuta jarrabawar NABTEB, da ita kuma ana shiga foliteknik. Agidingbi ma nan kusa da mu take. 'Ya'yanmu nawa ne a ciki? 'Yan matan kuma ba a ko zancensu, sai keken ɗinki, kamar gyaran waya ya fi ƙarfin hannun mace.

Saura masu gidanmu, don su ma suna da laifi a tsoron da iyaye ke ji. Ɗan kabilar Ibo in ya ɗauki yaro akwai adadin shekaru, in sun cika ya sallame shi da jari. Bayarabe yana yi wa almajirinsa bikin yaye, ya ba shi takarda. Mu kuwa yaro yakan shiga hannun maigida ba wa'adi, har ya fito da gemu ana aikensa sayen abinci. Uban da ɗansa yake na ɗaya a aji ba zai miƙa shi a haka ba, kuma yana da gaskiya. In muna son a kawo mana masu kaifin kai ranar Asabar da lokacin hutu, sai a zauna gaban mai unguwa da shaidu biyu, a rubuta shekara nawa, me za a koya masa, da abin da zai fita da shi.