Tsirkiya da Tambayar Wanzuwa

Babu tsirkiyar da take zama a kan amon da aka ɗaure ta, kuma wannan yana bayyana a ƙasar Yawuri, daga Yelwa zuwa Shanga da Wara ta Ngaski, inda tafkin da ya samu bayan kammala madatsar Kainji a 1968 yake cika iska da danshi, kafin hunturu ya sauko ya busar da komai. Goge ƙwarya ce da aka rufe da fata, tsirkiyarsa kuwa gashin wutsiyar doki ce. Da damina fatar takan sha danshi ta saki, amo ya yi ƙasa, har sai mai goge ya kanga ta ga wuta ko rana, da hunturu kuma takan ɗame, amo ya hau.

Fiyanon Turawa, mai tsirkiyoyin ƙarfe kimanin 230 waɗanda jimillar jansu ta kusa tan ashirin, bai tsira ba, sai dai nasa sauyin ya saɓa wa na goge, domin danshi yana kumbura allon katakon da tsirkiyoyin suke hawa ya ƙara ɗame su, bushewar iska kuma ta sassauta su, ga ƙarfen kansa yana miƙewa a hankali tsawon shekaru. A wani taro da aka yi a Landan a 1939 an tsayar da girgiza 440 a daƙiƙa ta zama ma'aunin amon da ake daidaita sauran da shi, amma ma'aunin a takarda yake zaune, katako bai san da shi ba.

Tambayar ita ce ko wannan zamewa aibi ne da ya faɗa wa abin kiɗa, ko kuwa tana cikin haƙiƙarsa. Malaman tauhidi, waɗanda littafin Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, ya daɗe a zaurukansu, sun raba halitta zuwa jirmi, wato abin da yake cika gurbi, da aradi, wato sifar da take sauka a kan jirmi ta gushe, kamar motsi da tsayawa. Hujjarsu ita ce duk abin da bai rabuwa da sifofi masu sauyawa fararre ne, fararre kuwa yana bukatar Mahalicci wanda ya keɓanta da wanzuwa. Saɓanin malamai kan halaccin sauraron goge magana ce ta fiƙihu, bai hana tsirkiyar zama misali ba. A wannan ma'auni ƙwarya da gashi jirmi ne, daidaiton amo aradi, don haka mai neman tsirkiyar da ba ta saki yana nema wa halitta sifar da ba tata ba. Hasali ma jan da yake ba ta murya shi ne yake miƙar da ita, tsirkiyar da ba a ja ba ce kaɗai ba ta zamewa, ita kuwa bebiya ce.

Akwai abin da ya fi amo jurewa, wato nisba, dangantakar tsawo da tsawo, wadda Alfarabi, da ya rasu wajen 950, ya yi dogon bayani a kanta: rabin tsirkiya yana ninka girgizar cikakkiyarta ko da damina ko da rani. Shi ya sa mai garaya bai damu da lambar Landan ba, yana auna tsirkiya ɗaya da 'yar'uwarta, ya auna su duka da muryar da za ta yi waƙa a wannan daren. Mai gyaran fiyano ma bai kaiwa ga cikakkiyar nisba, domin lissafin amo goma sha biyu bai rufewa daidai, sai ya rarraba ɗan giɓin da ya rage a kan dukkan tsirkiyoyin yadda kunne ba zai ƙi ba, kuma bayan wata shida ko shekara a sake kiransa.