Kuɗin kifin da ba a kama ba

Malaman fiƙihu sun daɗe da hana sayar da kifin da yake cikin ruwa, saboda mai sayarwa bai mallake shi ba tukuna, ba shi kuma da tabbacin iya miƙa shi ga mai saye, cinikin ya zama na garari ke nan. Sai ga shi a wannan zamani masana tattalin arziki sun zo da wani hisabi wanda magabata ba su yi zatonsa ba, watau ƙiyasta dukiyar da kifi yake jawowa muddin an bar shi a ruwan ba a taɓa shi ba.

A tsibiran Palau, can cikin tekun Pasifik, inda jama'ar ƙasar duka ba su kai 20,000 ba, akwai wata gaɓar murjani da ake kira Blue Corner. Baƙi kan taso daga Japan da Amurka da Turai, su goya tukunyar iska a baya, su nutsa. Da yake kuwa igiyar ruwan wurin tana da ƙarfi ainun, kowa yakan maƙala ƙugiya a jikin dutse, ya saki jiki yana lilo a ƙarshen igiya, manyan kifayen nan da ake kira shak suna gilmawa ta gabansa, ba su kula da shi ba. Wasu masu bincike daga Ostareliya suka bi diddigin abin da baƙin nan suke kashewa, na masauki da jirgin ruwa da abinci da ladan 'yan rakiya, suka tarar nutson kallon shak yana kawo wa ƙasar kimanin dala miliyan 18 a shekara, wajen kashi 8 cikin ɗari na arzikinta. Da suka rarraba kuɗin a kan kifaye wajen 100 da suke zaune a wuraren nutson, sai ya kasance kowane ɗaya ya kai dala miliyan 1.9 a tsawon rayuwarsa, alhali in aka kashe shi aka sayar da fukafukansa da namansa, abin da za a samu bai wuce dala 108 ba.

Ban ga aibi ga wannan lissafi ba ta fuskar maslaha. Mai mulki yana da masunta da iyalansu a wuyansa, wa'azi kaɗai ba zai ishe shi hujja a gabansu ba, kuma Alƙur'ani da kansa ya lissafa amfanin teku cikin ni'imomin da aka hore wa ɗan Adam. Amma wajibi ne a tambaya, mene ne ainihin abin da aka auna? In aka yi nazari da kyau, za a ga cewa sikelin bai hau kan kifin ba sam. Abin da ya hau kansa shi ne sha'awar baƙo da nauyin aljihunsa, ta yadda halittar da take zaune a zurfin da mai nutso ba ya kaiwa, ko wadda ba ta da kyan gani, za ta fita daga littafin hisabin ba ta da ko anini, alhali Suratul An'am ta sanar da mu cewa dabbobi al'ummai ne kamar mu, kuma kasancewarsu al'umma bai rataya ga samun mai kallo ba.

Shari'a ta san wata hanya dabam, ita ce hima, wato yankin da shugaba yake killacewa domin amfanin jama'a, kamar yadda Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya killace Naƙi'u kusa da Madina, Sayyidina Umar kuma ya killace Rabaza. Ita ma hima maslaha ce asalinta, sai dai hukunci ne da yake tsaye a kan amana, ba ya hawa da sauka tare da kasuwa. Palau ta yi abin da ya yi kama da haka, domin tun 2009 ta haramta kamun shak na kasuwanci a ruwanta, a farkon 2020 kuma dokar da ta rufe kashi 80 cikin ɗari na tekunta ga masunta ta fara aiki. A cikin wannan shekara ta 2020 ce annobar korona ta datse zuwan baƙi, masaukai suka zama kufai, kifayen suna ta kewayarsu a Blue Corner ba mai biyan ko sisi don ganinsu, kuma ba a jima ba aka fara jin muryoyi a majalisar ƙasar suna neman a sassauta dokar, a sake buɗe wa jiragen kamun kifi ruwan.