Iskar biro ta wa ce?

Ranar 19 ga watan Maris na 2020 aka samu mutum na farko da ya kamu da cutar korona a ƙasar Nijar. Kafin wata ya ƙare an rufe makarantu da masallatai, an killace birnin Yamai, an kafa dokar hana yawon dare. A ƙofar ma'aikatu aka girke bokiti da sabulu, ma'aikata suka rufe baki da hanci. A watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ɗage dokar ta-ɓacin cutar. Bokitai sun ɓace, amma tambayar da annobar ta tayar tana nan: me shugaba ke bin ma'aikaci, me ma'aikaci ke bin abokin zamansa, a ɗakin da suke shaƙar iska ɗaya?

Masana sun tabbatar cewa ƙwayar cutar tana yawo cikin numfashi, tana taruwa a ɗakin da iska ba ta ratsawa. Ke nan wanda ya shiga biro da tari ya raba shi ga kowa. To amma yaya aka raba iskar? A ma'aikatu da yawa, direkta ke da ɗaki mai faɗi, da taga biyu da na'urar sanyi. Sakatarori huɗu suna cunkushe a ɗaki guda, masinja yana kan benci a lungu, talakan da ya zo neman takarda kuwa yana tsaye a rana. Wanda ya fi cuɗanya da jama'a shi ya fi ƙarancin iska. Girmama na gaba ɗabi'a ce mai kyau, sai dai girma ya tsaya ga kujera da gaisuwa. Huhun direkta da na masinja iri ɗaya ne. A watan Yuni na 2022 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta sanya wurin aiki mai lafiya cikin manyan haƙƙoƙin ma'aikaci.

Wasu za su ce maganin shi ne kowa ya yi aiki daga gida, kamar yadda aka yi a Faransa. Wannan ya dace da mai kwamfuta da intanet da wutar da ba ta yankewa. A Maraɗi ko Damagaram, inda aiki ke tafiya da takarda da hatimi da sa hannu, dole a haɗu. Kuma Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: sabon ma'aikaci yana koyon aiki ne ta kallon na gaba da shi.

Wasu kuma za su ce babu kuɗi. Magina na unguwar Birni a Damagaram sun daɗe da sanin cewa katanga mai kauri ta laka tana riƙe sanyi, zaure kuma yana karɓar baƙo cikin inuwa. A Dandaji, cikin jihar Tawa, Mariam Issoufou Kamara da Yasaman Esmaili sun kammala masallaci da ɗakin karatu a 2018 da tubalin ƙasa, iska na shiga tana fita. Taga da ke fuskantar taga, rumfa ga masu jira, bishiyar dogon yaro a tsakar gida inda za a zauna shawara, duk ba su kai kuɗin na'urar sanyi guda ba.

Gini kaɗai ba ya isa. Ma'aikacin da ke tsoron a ce masa malalaci zai zo aiki da zazzaɓi, ya ɓoye. Wanda ba a saurararsa a taro ba zai ce ɗakin ya yi cunkoso ba. Saboda haka haƙƙin shugaba ne ya sallami maras lafiya ba tare da gori ba, haƙƙin abokan aiki ne su ɗauke masa nauyinsa kamar yadda ake gayya a gona, shi kuma ya rama ranar da ta faɗo kan wani. Ma'aikatar da ta saba da haka tun lokacin lafiya, ita ce wata annoba za ta tarar a shirye.