Kama da Wane Ba Wane Ba Ne



Makon jiya maƙwabcina ya aurar da ɗansa. Da la'asar sakaliya abokan ango suka kawo makaɗa ƙofar gida. Ni wucewa na zo yi zan koma shago, sai kalangu ya tashi, wata murya ta biyo bayansa. Wallahi sai da na tsaya cak. Muryar Shata ce sak, har da yadda yake jan numfashi ya sakar wa 'yan amshi. Na leƙa, sai ga wani saurayi da bai fi shekara ashirin da biyar ba. Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, aka binne shi a Daura. Ke nan yaron nan bai taɓa ganinsa ido da ido ba. A waya ya koye shi.

Hukuncin kiɗa ba shi ne zancena a yau ba. Malamai sun yi magana, kowa ya san wanda yake bi. Abin da ya sa na ɗauki biro gardama ce da ta kaure a kan benci tsakanin dattawa biyu. Ɗaya tsohon direban tirela ne, yana share hawaye yana cewa yaron ya mayar da shi zamanin da yake ɗaukar shanu daga kasuwar Potiskum zuwa Kudu, kaset ɗin Shata na juyawa har gari ya waye. Ɗayan kuwa cewa ya yi wannan sata ce da rana tsaka: mutum ya yi gumi ya mutu, wani ya zo yana karɓar liƙi da muryarsa. Suka juyo gare ni: "Liman, raba mu."

Ban raba su a wurin ba. Ga abin da na tarar bayan na kwana da zancen.

Da farko, idan kwaikwayo laifi ne, to ni ne farkon mai laifi. Yadda nake jan Fatiha a sallar asuba, muryar malaminmu na Islamiyya ce, Allah Ya jiƙansa. Ku saurari yaranmu a tarawihi: wannan Sudais yake bi, wancan Minshawi, wani Alaramma Ahmad Sulaiman. Tela da kwaikwayo ya fara, maƙeri ma haka. Abin da kawai aka hore mu da shi a makaranta shi ne ka faɗi inda ka ɗauko. Shi ya sa malaman hadisi suka wahala a kan isnadi, wane daga wane. Ɗauka ba aibu ba ce, ɓoye mai abu ita ce aibu.

A kasuwa ma haka ne. Shekara talatin ina saro yadi a Kantin Kwari. Akwai shadda 'yar asali, akwai ta kwaikwayo. In na ce wa mai saye, "Wannan ta kwaikwayo ce, ga kuɗinta," ya saya yana sane, cinikina halal ne. In na yi shiru na karɓi kuɗin 'yar asali, na yi algus. Mun san labarin da Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa, ya tsawata wa mai shi. Laifin mutumin ba jiƙewar abincin ba ne, ɓoye jiƙaƙƙen da ya yi ne.

Ashe abin ba a nan kaɗai yake ba. Ɗana ya nuna mini a waya cewa a Ingila akwai mawaƙan da ake kira Beatles, sun watse tun 1970, amma har yau akwai masu sa irin tufafinsu suna rera waƙoƙinsu, mutane na yankar tikiti. Wasu ma tun 1980 suke wannan sana'a da sunan Bootleg Beatles, sunan da shi kansa yake shelar cewa su kwafi ne. A Amurka kuma Elvis Presley ya mutu a 1977, masu kwaikwayonsa ba su ƙare ba. Babu wanda aka yaudara a cikin masu kallon. Sun san mai abin ya tafi, kewa ce ta kai su.

Saurayin namu shi ma ya fita wannan zargi. Kafin ya fara sai da ya ce waƙoƙin marigayi ne, ya nemi a yi masa addu'a, taro ya amsa da amin. Direban nan bai sayi jabu ba. Ya san abin da yake ji.

To, amma akwai abin da ban faɗa wa dattawan ba, don da kunya. Ina tsaye a bakin taron, wani maroƙi ya raɗa wa yaron sunana. Sai kawai na ji sunana a cikin waƙar da Shata ya yi wa wani mutum daban, mai kyauta da jarumta. Aka cire sunan mai ita aka liƙa nawa. Jama'a suka waiwayo. Kuma in faɗi gaskiya, daɗi na ji. Kafin in ankara hannuna ya shiga aljihu.

Da dare na zauna na yi wa kaina hisabi. Yaron bai san ni ba. Bai san ko ina biyan yaran shagona haƙƙinsu ba. Bai san cewa a watan nan wata bazawara ta zo neman bashin yadi biyar na ce ta dawo wani lokaci ba. Amma na biya kuɗi don a ce da ni mai kyauta a gaban maƙwabtana, da muryar mutumin da Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1988. Ba ina cewa Shata waliyyi ba ne, shi ma don kyauta yake waƙa. Sai dai shi yakan dubi mutum ya ɗinka masa rigarsa, kuma ana shakkar bakinsa, don mai yabon ya iya zambo. Ni kuwa rigar wani aka zura mini, alhali kayan aro ba ya rufe katara.

A nan ne algus ya shigo, kuma ba yaron kaɗai ya yi shi ba. Da mai sayarwa da mai saye duk mun san kayan ba nawa ba ne. Idan muka saba da haka, yaranmu za su tashi da sanin cewa suna mai kyau abin saye ne a ƙofar gidan biki. Wanda ya tara ko ta wace hanya zai sayi kirarin mutanen kirki, shi kuwa dattijon da ya yi shekara ashirin yana share masallaci ba mai ambatonsa.

Don haka ga amsata, Alhazai. Wanda ya rera waƙar magabaci ya ambaci mai ita bai yi sata ba, amana ya riƙe. Zai ƙara kyau in ya tuna da iyalin marigayin cikin abin da ya samu. Amma ya bar sunayen da ke cikin waƙar a inda mai ita ya ajiye su. In yana son ya yabi wani a Dogo Tebo, ya bincika halinsa tukuna, ya yi masa tasa. Mu kuma masu aljihu, in an kira sunanmu, mu tambayi kanmu ko mun cancanta kafin hannu ya motsa.

Washegari na aika aka kira bazawarar nan, na yanka mata yadinta. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa abin da ake faɗa a kanmu ya zama gaskiya.

Wassalam.