Da Wane Mudu A Ke Auna Masani?

A zaure ba a tambayar malami yawan littattafan da ke cikin gafakarsa. Almajiransa a ke dubawa, da almajiran almajiransa. Masanan jami'a kuwa suna da nasu mudun. Su kan ƙirga takardun da mutum ya rubuta, sa'an nan su ƙirga sau nawa waɗansu masana suka kafa hujja da shi. Wanda aka fi ambata, shi ne babba. Abin tambaya shi ne ko wannan mudu yana auna gaskiya.

A ɗauki misalin Farfesa Benjamin Osuntokun na Jami'ar Ibadan, likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi, wanda aka haifa a 1935, ya rasu a 1995. Ya lura cewa masu farfaɗiya kaɗan ne ke zuwa asibiti, gama danginsu ɓoye su su ke yi don kunya. Saboda haka shi da abokan aikinsa suka bi gida gida suna tambaya. A garin Igbo-Ora, bisa ga abin da suka buga a 1987, sun sami mai farfaɗiya wajen 5 cikin kowane mutum 1,000. A ƙauyen Aiyete kuwa, wanda ba shi da nisa da nan, lissafin ya kai 37 cikin 1,000, ko da ya ke mutanen da aka ƙirga can ba su da yawa. Kusan ƙasa ɗaya, jama'a iri ɗaya, amma Igbo-Ora ta daɗe da samun wurin awon ciki da duba yara.

Nan ne darajar aikin ta ke. Farfaɗiya ciwo ne na ƙwaƙwalwa, watau saƙonnin da ke gudana cikinta su kan rikice farat ɗaya, mutum ya faɗi. Wahalar haihuwa ta kan jawo ta, haka sanƙarau, da zazzaɓin sauro in ya hau ka, da buguwa a kai. Abin da ke da irin wannan sanadi kuwa ana iya rage shi.

Hanyar bin gida gida ba ta mutu da mai ita ba. A 2019 Farfesa Lukman Owolabi na Jami'ar Bayero ta Kano da abokansa suka tattara irin waɗannan ƙidayoyi na Nijeriya, suka sami kimanin 8 cikin 1,000. A 2021 Dokta Musa Watila da jama'arsa suka buga tasu ƙidayar ta wurare uku, Gwandu ta fi sauran biyun nesa, da wajen 18 cikin 1,000. To, ga salsala kamar ta zaure, wannan ya karɓa daga wancan. Ta wannan fuska mudun jami'a bai yi ƙarya ba.

Amma akwai abin da ba ya shiga cikinsa. Tun 1912 aka gane amfanin ƙwayar fenobabiton ga farfaɗiya, ga ta da araha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon sun kai wajen miliyan 50, kuma 7 cikin 10 za su iya daina faɗuwa in an ba su magani daidai, amma a ƙasashe matalauta kashi uku cikin huɗu ba su samunsa. A ƙauyukan Birnin Kudu da Gwaram, kamar sauran ƙasar Hausa, yarinya ta kan faɗi gefen murhu, mutane su watse don gudun yawunta, alhali kuwa ba a ɗaukar farfaɗiya ta yawu ko ta taɓawa. Wani ya tura mata cokali a baki, ya karya mata haƙori. Abin da ya kamata shi ne a janye ta daga wuta, a sa mata abu mai laushi ƙarƙashin kai, a kwantar da ita ta gefe har ta farfaɗo. Takarda dubu da aka buga da Turanci ba ta isa wannan tsakar gida ba.

Wani zai ce, ashe masanin ya yi aikin banza ke nan. Wannan hukunci ya yi tsanani. Mai haƙa rijiya ba shi ke kai ruwa ɗaki ɗaki ba, kuma hukuma ba ta ware kuɗin magani ga ciwon da ba a ƙirga masu shi ba. Sai dai masanin da ya ƙwanƙwasa ƙofar talaka, ya karɓi asirin gidansa, ya sami suna da shi, lalle ya ci bashi, kuma yawan ambato a jami'o'in Ingila da Amurka ba ya biyan wannan bashi.

Rabin bashin kuma yana kan wanda ya koyi karatu ya san wannan magana. Akwai babban asibitin Gwamnatin Tarayya a Birnin Kudu. Tsakaninsa da yarinyar nan, wani lokaci, ba kome sai maƙwabci guda da zai gaya wa ubanta cewa ciwon yana da magani, ya kuma yarda ya ci tuwo kwano ɗaya da ita a gaban mutane.